Kotun Sarki da En'e: Abin da Muke Kewa a Legas da Abin da Muka Manta

A Zangon Agege, bayan sallar la'asar, akwai wani benci a ƙofar masallacin unguwarmu da dattawa ke zama a kai har magariba. Ɗaya daga cikinsu abokin mahaifina ne, fataucin goro ya kawo shi Ikko tun yana saurayi, lokacin da jirgin ƙasa ke ɗaukar huhunan goro zuwa Kano. Yau shekara uku ke nan yana zarya zuwa kotu a kan kuɗin kaya da wani ya riƙe masa. Duk ranar da aka sa sai ya yi sammako ya shiga motar haya, ya zauna a kan benci har azahar, sannan a ce lauyan wancan ɓangaren bai zo ba, an ɗage sai bayan wata biyu. Ranar da ya dawo daga ɗagewar ƙarshe na je gaishe shi, sai ya ce da ni: “Ɗana, da a zamanin En'e ne, da wannan magana ba ta kwana ba. Dogari ɗaya za a tura, kafin la'asar mutum ya kawo kuɗin ko ya kwana a gidan yari.” Sauran dattawan suka gyaɗa kai.

Ban musa masa a wurin ba, domin ba a yi mini tarbiyyar jayayya da sa'an mahaifi a gaban jama'a ba, kuma domin ɓacin ransa a kan gaskiya yake. Amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda yanzu ba daga bakin dattawa kaɗai nake jin ta ba. Samarin da aka haifa shekaru talatin bayan rushe En'e, wato hukumar gargajiya da sarakunan Arewa suka yi mulki da ita tun zamanin Turawa, suna rubuta ta a Facebook, kuma duk lokacin da Majalisar Tarayya ta tayar da batun gyaran tsarin mulki aka zo kan ba sarakuna gurbi, sai ka ji wasu na cewa a mayar musu da ikon shari'a gaba ɗaya, har a nan Legas ma a ba sarakunan Hausawa ikon kamawa da tsarewa. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, wannan na yarda. Sai dai ina ganin wajibi ne mu tuna barar nan dukanta, da daɗinta da ɗacinta, kuma idan muka yi haka za mu ga cewa ikon da ake so a mayar shi ne ainihin abin da iyayenmu suka sha wuya kafin a raba sarauta da shi.

Shari'a a fada ta girmi Turawa. A ƙarƙashin daular Usmaniyya kowane babban gari yana da alƙali mai hukunci da fiƙihun Malikiyya, sarki kuma yana zama da majalisarsa ya saurari ƙarar da ta fi ƙarfin alƙali, kamar kisan kai da rikicin ƙasa da kukan talaka a kan mai riƙe da sarauta. Da Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya kafa tutar Ingila a Lokoja ranar 1 ga Janairu 1900, sannan sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ya tarar da ƙasa mai faɗi da tsarin mulki a tsaye, shi kuwa ba shi da isassun ma'aikata ko kuɗin da zai kafa nasa. Saboda haka ya bar kotunan yadda suke, ya sa musu doka a 1900 da 1906, ya hana hukuncin da ya ƙunshi yanke gaɓa, ya kuma ba Razdan da Di'o, wato jami'an Turawa masu kula da lardi da gunduma, ikon duba littattafan shari'a su sake hukunci idan sun ga dama. Daga baya aka kasa kotunan kashi huɗu bisa girman ikonsu, kuma kotunan manyan sarakuna irin na Sakkwato da Kano da Borno da Katsina da Zazzau da Gwandu suna a matakin farko, suna iya yanke hukuncin kisa, sai dai ba a zartarwa sai Gwamna ya sa hannu.

Abin da Turawa suka ƙara, wanda mutane ke mantawa, shi ne sun tattara dukan harkokin mulki a hannu ɗaya suka ba shi ƙarfin da bai taɓa samu ba. Hukumar En'e ita ke karɓar haraji da jangali ta zuba a baitulmali. Ita ke naɗa hakimi da dagaci. 'Yan doka nata ne, gidan yari nata ne, asibiti da makarantar elemantare da aikin hanya da gandun daji duk nata ne. Alƙalin gunduma ma'aikacinta ne, daga baitulmalinta yake karɓar albashi, kuma ci gabansa ko komawarsa baya yana hannun fada. A saman wannan duka sarki ne, wanda har zuwa farkon shekarun 1950 doka ta ɗauke shi a matsayin shi kaɗai ne hukumar, majalisarsa shawara kawai take bayarwa. Kafin zuwan Turawa, sarkin da ya tsananta yana tsoron talakawa su yi hijira su bar masa ƙasa, ko manyan bayin fada da masu zaɓen sarki su juya masa baya, ko a kai ƙararsa Sakkwato. Bayan 1903 abin da kawai yake tsoro shi ne fushin Razdan, kuma Razdan abin da ya fi damunsa shi ne haraji ya shigo a kan kari, gari ya zauna lafiya.

Ba zan ɓoye alherin tsarin ba, domin abokin mahaifina ba mafarki yake yi ba. Mutum yana shiga gaban alƙali ya yi magana da harshensa, ba tafinta, ba lauya, domin doka ma ta hana lauyoyi tsayawa a waɗannan kotuna. Alƙali ya san mai ƙara, ya san wanda ake ƙara, ya san gonar da ake jayayya a kanta, kuma shari'ar da yake hukunci da ita ita ce wadda mutane suka tashi suna ji a makarantar zaure. Kuɗin sammaci kaɗan ne. Littattafan majalisar shari'ar Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, suna nan da Larabci, kuma wanda ya duba su zai ga ƙararrakin gida da gona, da na sata da kisa, da na bayi masu neman 'yanci, an rubuta su a taƙaice an yanke su ba tare da jan rai ba. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, kuma ta yaye mutane masu ilimi da tsoron Allah waɗanda har yau ake ambatonsu da alheri. Duk wanda ya ce kotunan nan zalunci ne zalla bai yi wa waɗannan bayin Allah adalci ba.

Matsalar tana fitowa ne a ranar da abokin shari'arka ya zama shi ne mai kotun, ko ɗan'uwansa, ko baransa. A nan ne nake da labarin gida. Kakana na wajen uwa manomi ne a wani ƙauye na wata masarauta, yana da fadama da ya gada. Wani surukin dagaci ya sa ido a kanta, aka ce ai asali aro aka ba mahaifinsa. Ya kai ƙara wurin alƙalin gunduma, wanda zaurensa ke jikin gidan hakimi, shaidun da suka yi masa alkawari kuwa ranar zama ba wanda ya fito, domin kowa ya san wanda ke rubuta sunayen masu haraji da wanda ke zaɓen waɗanda za a tura aikin tilas. Aka ce yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa birni. Birnin tafiyar kwana uku ce a ƙasa, kuma ko ya isa, sai ya bi ta hannun fadawan da hakimin nan ɗan gidansu ne. Ya sayar da jakinsa ya yi kudu, ya yi dako a rumfunan goro na Agege har ƙarfinsa ya ƙare. Mahaifiyata ta ce har ya rasu ba ya son jin kalmar “ɗan doka”. Na tabbata idan aka bi gidajen Hausawan Agege da Idi-Araba da Obalende aka tambayi dalilin fitowar kakanni, tare da labarin fatauci da aikin soja da neman ilimi za a ji irin wannan labari ba sau ɗaya ba.

Wani zai ce wannan labarin talaka ne guda, ba ya zama hujja. To, ga labarin wanda ba talaka ba. A 1943 aka zargi Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello, da taɓa kuɗin jangali a lokacin da yake aikin En'e a Gusau. Kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi ta yanke masa ɗauri. Abin da ya cece shi shi ne ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ba ta ƙarƙashin fada, a Zariya, inda wani matashin lauya daga Legas, Bode Thomas, ya tsaya masa, aka wanke shi. Duk wanda ya bi ta titin Bode Thomas a Surulere yana bi ta kan sunan mutumin da ya taimaka aka fitar da Firimiyan Arewa na gaba daga hukuncin kotun fada. Ni dai duk sa'ad da na tuna wannan sai in tambayi kaina: idan ɗan sarauta mai ilimi da dangi da magoya baya sai da ya nemi wata kotu a wajen fada kafin ya sami gaskiyarsa, ina makomar mai jaki ɗaya?

'Yan Arewa da kansu ne suka fara ɗaga murya, kuma ba 'yan adawa kaɗai ba. A watan Agusta 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba wanda zai kira shi maƙiyin sarauta, ya miƙe a Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna ya gabatar da ƙudurin a yi wa tsarin En'e garambawul, yana kokawa a kan cin hanci da kuma yadda talaka ba shi da ta cewa a mulkin da ake yi masa. A watan nan dai, ranar 8, aka kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano. Abin da ya biyo baya a shekarun siyasa shi ne mafi munin babin tarihin kotunan nan. Tun da En'e ce ke ba da izinin taro, kuma mafi yawan manyanta suna tare da jam'iyyar NPC mai mulki, sai ya zama ɗan hamayya yana neman izini wurin abokin hamayyarsa. Idan ya yi taro ba izini 'yan dokan En'e su kama shi, alƙalin En'e ya ɗaure shi ko ya sa a yi masa bulala bisa tuhumar zagin sarki ko ta da hankali, a kai shi gidan yarin En'e, kuma babu lauyan da doka ta yarda ya buɗe baki a madadinsa. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga gidan yari sau da yawa ta wannan hanya, haka ma dubban magoya bayan Malam Aminu Kano waɗanda ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. An dake su an hana su kuka, kuma da sunan shari'a aka yi, wanda hakan ya zubar da ƙimar alƙalai na gari tare da na banza.

Ta fuskar doka ma tsarin ya fara tsagewa. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba, bisa hujjar cewa a dokar laifuka ta Turawa abin da ya aikata bai kai kisan da ake kashe mutum a kansa ba, saboda tunzura shi aka yi. Wannan ya fito da abin da aka daɗe ana rufewa, wato laifi ɗaya a gari ɗaya yana iya jawo kisa ko ɗauri gwargwadon ƙofar kotun da aka shigar da mutum. Aka shekara goma ana ɗinke-ɗinke. Bayan tsarin mulkin 1954 ya ba kowace jiha ikon kafa kotunanta, aka kafa Babbar Kotun Jihar Arewa a Kaduna, sannan a 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, tare da wani alƙali daga Pakistan da wani masani daga Landan da wakilai daga Arewa. Shawararsu ce ta haifar da kundin hukunta laifuka da aka fi sani da Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, da kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a mai kula da aure da gado da makamantansu, wadda Shaihu Abubakar Gumi ya shugabanta daga 1962. Amma duk da wannan gyara, kotunan sarakuna suna nan, alƙalai kuma suna nan a ƙarƙashin En'e.

Akwai wani darasi a 1963 da masu son a mayar da ikon ya kamata su tsaya a kansa. A shekarar ne Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya, wanda babu sarkin da ya fi shi ƙarfi a zamaninsa, ya sauka daga sarauta ya koma Azare, bayan binciken da gwamnatin jiha ta sa aka yi a kan kuɗin En'en Kano. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan al'amari, ya nuna cewa shugaban babbar kotun masarauta yana kan kujerarsa ne muddin gwamnati ta yarda. Mun kuma ga a zamaninmu, a Kano a 2020 da 2024, yadda sarauta ke sauyawa da umarnin gwamna. Idan aka ce sarki ya zama alƙali, alhali gwamna na iya tuɓe shi da takarda ɗaya, to an miƙa wa gwamna kotu ke nan ta bayan gida. Alƙalin Babbar Kotu na yau, duk da laifuffukan da muke gani a tsarin, ba a tuɓe shi da wannan sauƙi.

Ƙarshen En'e ya zo a hannun ɗan gida. Bayan juyin mulkin Janairu 1966, gwamnan sojan Arewa shi ne Hassan Usman Katsina, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo, kuma a zamaninsa aka soke kotunan sarakuna a 1967, aka ɗauke kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin ɓangaren shari'a na gwamnati daga watan Afrilu 1968. Gidajen yari da 'yan doka suka koma hannun gwamnatin tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya share abin da ya rage na ikon gudanarwa, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, a 1979 kuma gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Ba a ji talakawan Arewa sun fito tituna suna neman a dawo musu da 'yan doka ba.

Wannan ba ya nufin abin da ya maye gurbin En'e ya biya bukata. Bai biya ba, kuma mu mazauna Legas mun fi kowa sani. Yaro ya taso daga Jigawa ko Zamfara, yana acaɓa ko ga-ruwa ko gadi ko jari-bola, wata rana a yi samame a kwashe shi. A gaban majistare ana karanta masa tuhuma da Turanci, shi ko Turancin kasuwa bai gama iyawa ba, ya gyaɗa kai don ladabi a rubuta cewa ya amsa laifi. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi kuma ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta, amma sau nawa ake samun tafintan Hausa a shirye? Idan aka ba da beli sai a nemi mai tsaya masa da takardun haraji da adireshin da za a iya tabbatarwa, abin da mai kwana a rumfar kasuwa ba shi da shi, sai ya tafi Kirikiri ko Ikoyi ya shiga sahun masu jiran shari'a, waɗanda su ne mafi yawan mazauna gidajen yarin ƙasar nan. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zan zarge shi ba idan ya yi kewar zauren alƙali. Abin da yake kewa kuwa abu uku ne a fili: a ji shi da harshensa, a kusa da shi, a kuma gama da wuri. Babu ko ɗaya cikin ukun da ke bukatar a haɗa mulki da shari'a a hannun mutum guda.

Hujjata tana nan a unguwanninmu. Sarakunan Hausawa na Legas, da shugabannin kasuwanni a Mile 12 da Alaba Rago da Agege, kullum suna zaman raba gardama: bashi tsakanin dillali da mai kaya, motar tumatir da ta lalace a hanya aka rasa wanda zai ɗauki asara, rikicin miji da mata, gadon wanda ya rasu a nan iyalinsa na gida. A lokacin tashin hankalin Idi-Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016, irin waɗannan shugabanni ne suka zauna da takwarorinsu Yarbawa da jami'an gwamnati har ƙura ta lafa. Mutum yana zuwa ya durƙusa ya ce “ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da ni,” da ƙafarsa ya zo, kuma ya san idan bai gamsu ba ƙofar kotu a buɗe take. Wannan sanin shi ke sa mai sulhu ya yi taka-tsantsan, domin darajarsa ita ce kaɗai makaminsa, ranar da aka san shi da son kai ranar za a daina zuwa zaurensa. A ba shi ɗakin tsare mutane a ga yadda zauren zai sauya cikin shekara ɗaya. Alamar hakan ma ta fara bayyana a wasu kasuwanni, inda ake jin an kulle wa mutum rumfa don ya ƙi goyon bayan wani a zaɓen ƙungiya, ko an ci shi tarar da ba rasit, ko 'yan sintiri sun ɗaure wanda ake zargi da sata sun lakaɗa masa duka kafin a tambaye shi. Wannan ƙaramar En'e ce ke tsirowa, kuma ya kamata malamai da dattawa su tsawata tun ba ta yi jijiya ba. Ban da haka, muna zaune ne a ƙasar da ke da nata sarakunan, waɗanda su ma ba su da wannan iko, kuma neman sa zai jawo mana zargin da ba mu bukata.

Abin da nake ganin ya fi mana amfani yana kusa, kuma doka ta riga ta buɗe ƙofarsa. Tun 1999 Ma'aikatar Shari'a ta Legas take da cibiyar sasanta 'yan ƙasa kyauta, a 2002 aka buɗe cibiyar sulhu da ke haɗe da Babbar Kotun jihar, inda yarjejeniyar da aka cimma, idan alƙali ya sa mata hannu, take zama kamar hukuncin kotu, a 2018 kuma aka fara kotunan ƙananan bashi da aka tsara su gama shari'a cikin kwana 60. Mutanenmu da yawa ba su san da waɗannan ba. Me zai hana kowace fadar Sarkin Hausawa ta sami magatakarda mai rubuta abin da aka sasanta a kai, da Hausa da Turanci, kowa ya sa hannu, sannan a kai inda zai sami ƙarfin doka? Me zai hana ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu, masu tara kuɗi don bukukuwan naɗin sarauta, su ware wani abu su ɗauki lauyoyi biyu ko uku da tafintoci waɗanda aikinsu kawai zagaya kotunan majistare da ofisoshin 'yan sanda? Muna da 'ya'ya da aka haifa a nan, masu jin Hausa da Yarbanci da Turanci, wasunsu sun karanta shari'a. Da wannan za a dawo da kusanci da harshe da sauri, ba tare da an dawo da dogari ba.

Akwai kuma haƙƙin tarihin kansa. A watan Oktoba 2020 aka ƙone Babbar Kotun Legas da ke Igbosere, takardu masu yawa suka salwanta, kuma ranar na yi tunanin littattafan kotunan alƙalai da na majalisun sarakuna da ke jibge a Gidan Adana Takardu na Ƙasa a Kaduna da ɗakunan ajiya na masarautu, inda gara da ɗanshi ke aikinsu a hankali. A cikinsu ne amsar gardamar da muke yi take, domin su ne za su nuna wa ya kai ƙara, wa aka ba gaskiya, kwana nawa aka ɗauka, da kuma sau nawa talaka ya kayar da mai sarauta. Ya kamata jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri su ɗauki hotunansu su adana a kwamfuta, a fassara wasu zuwa Hausa, don saurayin da ke yabon En'e a waya ya karanta da idonsa, haka ma wanda ke tsine mata ba tare da ya san komai a kanta ba. Wataƙila a cikin wani littafi da ke can akwai layi biyu a kan fadamar kakana.

Bayan kwana biyu na koma wurin abokin mahaifina da daddare, lokacin da ba kowa, na zauna a ƙasa na faɗa masa abin da ke raina, har da labarin Sardauna da na kakana, wanda ya sani a rumfar goro. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi ma mahaifinsa ya taɓa kwana a hannun 'yan doka a kan harajin ƙanensa da ya tafi ci-rani, abin da bai taɓa faɗa mini ba. Sai ya ce: “Duk na ji, ɗana. To kuɗina fa?” Na ce masa, “Baba, a ba ni takardun in kai wa wani lauya ɗan unguwarmu ya duba ko za a iya mayar da maganar cibiyar sulhu.” Ya shiga ciki ya fito da su a cikin leda, an naɗe da ƙyalle. An sa ranar zama na gaba a wata mai zuwa, kuma na ɗauki hutun ranar a wurin aiki don in raka shi in yi masa tafinta.